An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Kan Hana Yaranmu Kiɗa A Bikin Ƙarshen Shekara

Kun saba ganin rubutuna a wannan shafi idan akwai sanarwar taro, ta'aziyya ko tunin kuɗin wata. Yau ba da bakin kwamiti nake magana ba. Ra'ayina ne ni kaɗai, kuma idan da laifi a ciki, a ɗora shi a kaina.

Ni na rubuta bayanin taronmu na watan jiya, don haka na san abin da kowa ya faɗa. Yaranmu shida, maza biyar da mace ɗaya, sun kawo takarda suna roƙon a ba su minti talatin su yi kiɗa a bikin ƙarshen shekara na ƙungiya a nan Kwoi. Biyu na kaɗa jita, ɗaya ganga, ɗaya ogan, ɗaya kuma na busa ƙaho irin namu na gida. Yarinyar ce ta zana babban ƙyallen da za su rataya a bayansu: fuskokin Nok cikin ja, rawaya, shuɗi da kore, da layuka masu murɗewa kamar ruwan rafi a damina. Kuskurensu ɗaya ne. A kan takardar sun rubuta sunan salon kiɗansu da Turanci, wato saikedelik. Wani daga cikin manyanmu ya duba kalmar a wayarsa, ya karanta mana cewa tana da alaƙa da ƙwayoyi masu juya hankali. Shi ke nan. Ba a kira yaran ba, ba a saurari ko minti ɗaya na kiɗan ba, aka ɗaga hannu aka ce a'a. Abin da aka sa na shigar a littafi shi ne: kiɗan 'yan ƙwaya ne, kuma ba al'adarmu ba ce.

Na rubuta domin aikina ke nan. Amma ban yarda da hukuncin ba, kuma ina ganin mun zalunci yaran nan. Ga dalilaina.

Bari in fara da inda dattijon yake da gaskiya, domin ba na son a ce na ɓoye wani abu. Kalmar daga wajen ƙwaya ta fito. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, Humphry Osmond, shi ya ƙirƙiro ta wajen 1956 daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin bayyana abin da ke cikin rai, yana neman sunan da zai kira magunguna irin su LSD. Ita LSD ɗin wani masanin haɗa magunguna, Albert Hofmann, ya haɗa ta a Basel a 1938, ya kuma gano tasirinta a 1943. A shekarun 1960 matasan Amurka da Ingila, waɗanda suka gaji da yaƙin Biyetnam da rayuwar iyayensu, suka rungume ta. Makaɗansu suka shiga neman sautin da zai yi kama da abin da mutum ke ji idan hankalinsa ya tashi sama: jita mai kururuwa da kaushi, amo mai maimaita kansa kamar ihu a cikin kogo, waƙa ɗaya da za ta kai minti goma ba ta ƙare ba. Masu zane suka bi da takardun talla masu launuka da ke faɗa da juna da haruffa masu lanƙwasa. Kuma an biya farashi mai tsada. Syd Barrett na ƙungiyar Pink Floyd ya rabu da ƙungiyar a 1968 hankalinsa a taɓe. Jimi Hendrix ya mutu a 1970 yana da shekara 27, Janis Joplin ma haka a shekarar. Babu mai hankalin da zai so wa ɗansa wannan.

To amma tun daga wancan lokaci kalmar ta tashi daga sunan ƙwaya ta koma sunan sauti da zane. Abin da ke sa jita ta yi wannan kuka ba wani abu ba ne illa ɗan akwatin lantarki da makaɗi ke takawa da ƙafa. Ana sayar da shi a shagon kayan kiɗa, kuma akwai shi a gaban 'yan ban na majami'u da yawa a Kafanchan da Kaduna. Akwati ba ya shan ƙwaya. Idan asalin suna shi ne hukunci, to akwai abubuwa da yawa a gidajenmu da sai mun zubar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne waɗanda suka fi ɗaga murya a taron su ne suka yi samartakarsu a shekarun 1970, lokacin da wannan sauti ya cika Nijeriya. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, samari suka fito daga cikinsa da kunnuwa cike da ƙarar bindiga, suka ɗauki jita. A Aba akwai Funkees, a Legas akwai Monomono ta Joni Haastrup da Ofo and the Black Company. Wasu ƙungiyoyin ma rundunonin soja ne suka saya musu kayan kiɗa. Wani shahararren mai ganga ɗan Ingila, Ginger Baker, wanda laƙabinsa na nufin citta saboda jan gashinsa, ya zo Legas ya yi kiɗa da Fela, ya kafa ƙungiyar Salt da samarin Nijeriya. Daga cikinsu Berkley Jones da Laolu Akins suka dawo suka haɗu da Mike Odumosu suka kafa BLO a 1972, suka fitar da faifansu na farko, Chapter One, a 1973. Ofege kuwa, waɗanda faifansu Try and Love ya zagaye ƙasar nan, ɗaliban sakandare ne na St. Gregory's College, makarantar mishan a Legas. Kamfanin EMI ne ya ɗauke su a ƙarƙashin Odion Iruoje.

Kada wani ya ce abin na mutanen Kudu ne kawai. Elcados daga nan Arewa suke, kuma suna da waƙa mai suna Ku Mi Da Hankan, wadda duk mai jin Hausa zai ji ƙamshin "ku mai da hankali" a cikin sunanta. Ga shi nan, kiɗan da muka ce yana gusar da hankali. A Jos akwai Sahara All Stars, a Kaduna akwai Bala Miller da nasa salon na daban. Jitar lantarki ba baƙuwa ba ce a Arewa tun kafin a haifi yaran da muka kora.

Ta yaya ya iso mu? Ta hanyoyi biyu da kowa ya sani. Na farko jirgin ƙasa. Kafanchan mahaɗar jirgi ce tun shekarun 1920, layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi nan yake rabuwa zuwa Kaduna da Jos, kuma duk abin da ake ji a Aba da Inugu ba ya daɗewa sai ya sauka a tasharmu. Na biyu sojoji. Gida nawa ne a ƙasar Ham da babu tsohon soja? Sun dawo hutu da rediyo mai faifai a kafaɗa. Da aka biya kuɗin Udoji bayan rahoton 1974, ma'aikata suka sayi babura da manyan rediyo masu garmaho, ɗakunan samari suka cika da faifai. Ni ban ga wannan zamani ba, a bayansa aka haife ni. Amma na ga hotunan. Suna nan rataye a falonku, iyayena: wando mai buɗaɗɗen ƙafa da ke share ƙasa, takalmi mai tudu, riga mai furanni, gashi a tsaye kamar kwando. Waɗannan samarin na cikin hoto su ne suka zama malamanmu, dattawan ikilisiya, limamai, shugabannin makarantu da masu unguwa. Su suka biya mana kuɗin makaranta. Kiɗan bai lalata su ba. Me ya sa muke da tabbacin zai lalata jikokinsu?

Akwai labarin da ke ci mini rai, kuma na gidanmu ne. Kawuna, Allah ya ji ƙansa, tsohon soja ne, yana da akwatin ƙarfe cike da faifai. Bayan rasuwarsa babu wanda ya ga amfaninsu, garmahon ma ya daɗe da lalacewa. Mu yara muka riƙa wurga su sama muna wasa, mata suka rufe tukwane da wasu, sauran muka huda muka rataye a gonar dawa domin ƙyallinsu ya kori tsuntsaye. Kwalayen masu zane aka hura wuta da su. Bayan shekaru da yawa ina duba intanet na ga hoton kwalin da na tuna sarai, ana cinikin irinsa da dala tsakanin masu tara faifai a Turai. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya tattara waƙoƙin wancan zamani ya fitar da Nigeria Rock Special, a 2010 ya ƙara da The World Ends. A 2016 kamfanin Now-Again na Amurka ya fitar da Wake Up You!, faifai haɗe da littafi, aikin binciken Uchenna Ikonne. Masu neman nan sun bi gari gari, shago shago, suna sayen abin da muka zubar. Yau idan ɗanka na son jin kiɗan da kakansa ya taka, sai ya nema daga hannun baƙi.

Mu mutanen Jaba bai kamata a sake ba mu wannan darasi ba, domin mun riga mun sha shi. A 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu na farko kusa da ƙauyen Nok, a wannan ƙaramar hukuma tamu. Kan da aka samu a wajen Jama'a, wanda aka kai wa Bernard Fagg a Jos a 1943, an ce sai da ya yi zaman korar tsuntsaye a gonar doya kafin a gane darajarsa. Gonar doya a wancan karo, gonar dawa a namu. Daga nan duniya ta san fasahar da ta haura shekara dubu biyu, mu kuma muka zuba ido aka yi ta haƙa ana fitarwa da dare. A 2000 aka baje wasu a gidan tarihi na Louvre a Paris, aka yi ta rigima, daga baya Faransa ta amince mallakar Nijeriya ne, amma suna can a matsayin aro. Yanzu ga yarinyarmu ta ɗauki fenti ta zana waɗannan fuskoki da hannunta, da idanunsu masu kusurwa uku, ta kawo su gaban iyayenta tana alfahari, mun ce mata ba al'adarmu ba ce. An kuma yi ƙorafin gashin samarin. Duk wanda ya taɓa kallon kan Nok da kyau ya ga irin tukkaye da kitson da ke kansa. A wajen gyaran gashi yaranmu ba su kama ƙafar kakanninsu ba.

A kan wannan magana ta al'ada, ina roƙon mu tambayi kanmu gaskiya. Mene ne a cikin wannan kiɗa ya zama baƙo? Maimaita amo ɗaya har jiki ya ɗauka? Ku je filin Tuk Ham ku tsaya kusa da masu ƙaho da ganga na awa ɗaya, ku gaya mini ko ba haka suke yi ba. Kowane ƙaho da muryarsa guda, suna shiga suna fita, har ka rasa inda sautin ya fara. Mai rawa ya manta da gajiya ba tare da ya haɗiyi komai ba. Haka Zumuntar Mata ke yi da tulu da kacau-kacau, haka masu goge da garaya ke yi a ƙasar Hausa. Turawan 1960 sun kunna kunne zuwa Indiya da Afirka suna neman abin da muke da shi a tsakar gida. Launukan da suka haukace a kansu ma, ku dubi rinin Ƙofar Mata a Kano, ku dubi zanen jikin manyan motocin katako da ke ɗaukar citta daga kasuwanninmu.

Kuma ba yau aka fara ba. SIM ta zo Kwoi a 1910, iyayenmu kuma sun ba mu labarin lokacin da ganga ba ta shiga majami'a domin an ce ta dodo ce. Daga baya ta shiga. Aka zo kan jita, aka ce ta gidan giya ce. Ita ma ta shiga, har yau ba a yin sujada a wurare da yawa sai da ita. Kowane zamani da kayan kiɗan da yake tsoro, na baya kuma yakan yi mamakin abin da aka ji tsoro.

Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar. Mdou Moctar, Ba'abzine daga yankin Tawa, iyayensa ba su so kiɗa ba, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har suka kai kunnen kamfanin Sahel Sounds na Amurka. A 2021 Matador ta New York ta fitar da Afrique Victime, jaridun duniya na kiran kiɗansa da wannan suna da muka ji tsoro, shi kuwa yana waƙa da harshen Tamashek, da rawaninsa, a kan halin da ƙasarsa ke ciki. Mamman Sani ya ɗauki kiɗan ogan a Yamai a 1978, aka sake fitar da shi a 2013 duniya ta saurara. Waɗannan sun kai harshensu inda jakada bai kai shi ba. Yaranmu da Hyam da Hausa suka rubuta waƙoƙinsu. Kullum muna kuka a wannan shafi cewa yara ba sa jin yare. Ga masu waƙa da shi, mun rufe musu ƙofa.

Yanzu ga maganar da ta fi zafi. Ƙwaya gaskiya ce a garuruwanmu, kuma ba jita ta kawo ta ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda. A watan Mayun 2018 gwamnati ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Abin da ke cin yaranmu shi ne tiramadol, wiwi, sholisho da goskolo. Mun san lungunan da ake sayarwa. Mun san waɗanda ke raba wa samari kuɗi da ƙwaya duk lokacin zaɓe, wasunsu ma mukan ba su kujerar gaba a bikinmu. Cutar da ta cinye citta a 2023 ta bar gidaje da bashi, ta bar samari ba aiki, zaman banza kuwa shi ne babban dillalin ƙwaya. Na duba littafin taronmu na shekarun nan, ban ga ranar da muka ɗaga hannu a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ranar da muka tashi nuna ƙarfinmu, a kan yara shida muka nuna shi, yaran da ke haɗuwa sau uku a mako suna gwaji, suna tara kuɗin man janareta daga aikin gona da acaɓa. Wanda hannunsa ke rawa ba ya riƙe amo na minti goma tare da mutum huɗu. An bar jaki ana dukan taiki.

Na san za a ce mini abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yarda da karin maganar, da ita aka rene ni. Amma sai babba ya duba tukuna kafin ya hango. A ranar ba mu duba ba, waya muka duba. Ban ce kowane makaɗi waliyyi ne ba, Fela bai taɓa ɓoye wiwinsa ba, kuma ban ce in tsaya wa yaran nan shaida har abada ba. Abin da na ce shi ne a yi musu hukunci da abin da suka yi. Idan muka kore su, ba za su daina kiɗa ba. Za su kai shi otal a Kafanchan ko Abuja, inda babu kawu ko inna da za ta sa musu ido, kuma can ne abin da muke tsoro zai same su.

Don haka zan gabatar da buƙatu huɗu a taro mai zuwa, kuma ina sanar da su tun yanzu domin kada a ce na yi wa kowa kwanton ɓauna.

Na ɗaya, a janye hukuncin watan jiya, a kira yaran su yi kiɗan a gaban kwamiti da wakilan iyaye mata, a karanta kalmomin waƙoƙinsu. Idan akwai batsa, zagi ko yabon maye, ni zan fara cewa a'a.

Na biyu, idan babu, a ba su minti talatin ɗinsu da rana, da sharaɗin da ke kan kowa: ba maye a filin biki. Sharaɗin ya hau kan manya ma.

Na uku, duk mai tsohon faifai, kaset ko hoton rawa na shekarun 1960 zuwa 1980 a gidansa, kada ya zubar, kada ya sayar wa mai yawon saye. A kawo a rubuta sunan mai shi, a kwafe sautin a kwamfuta, a mayar masa da kayansa. Na ɗauki nauyin riƙe rajistar kyauta.

Na huɗu, a sa maganar masu sayar da ƙwaya a unguwanninmu cikin ajanda da sunanta, a zauna da masu unguwanni da shugabannin addini, a kai rahoto ga hukumar NDLEA.

Baba Shugaba, iyayena, ban rubuta wannan don raini ba. A hannunku na girma, kuma ku kuka ba ni wannan alƙalami. Wanda yake ganin na yi kuskure, ya zo taro ya faɗa a gabana, zan rubuta maganarsa daidai kamar yadda na rubuta ta watan jiya. Roƙona ɗaya ne: kafin ranar, kowa ya ɗaga kai ya kalli hoton nan na bango mai wando buɗaɗɗe, ya tuna wane faifai ne ke juyawa a ɗakin ranar da aka ɗauke shi.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya albarkaci ƙasar Ham.

Naku,
Sakataren ƙungiya